Kama da Wane Ba Ta Wane: Milimita Huɗu da Suka Kwantar da Mota a Shinaka

Shekaru kaɗan da suka wuce, ana tsakiyar cirar albasa a fadamun Rima, a-kori-kurar kawuna ta kwanta a Shinaka. Peugeot 504 ce, ta girme wa yaron da ke tuƙa ta. Ta daɗe tana shan baƙin mai tana hayaƙi, har bakanike ya ce babu makawa sai an sauke inji an sa sabon ringi da gasket. Kawu ya kira ni, kamar yadda ake kiran duk wanda ke karɓar albashi a birni. Na tambaye shi wane irin inji ne a motar. Ya yi dariya, ya ce da harshensa na Sakkwatanci: "Ɗana, Fijo dai Fijo ta."

Na ɗauki maganarsa. Na duba hoton takardun mota da aka turo mini, na aika wa wani mai sayar da kayan sifiya a Kano, aka ɗauko kayan injin da ake kira mai lita biyu, aka ba direba a tasha ya kai Sakkwato, daga can wani ya ƙarasa da su Shinaka. Ringin ya ƙi zama a jikin fistin, ya yi masa yawa. Aka mayar da shi bayan dogon ciniki da roƙo. Gasket kuwa ya hau, ramukan notinsa sun dace, sai aka ce a bar shi, ai ya shiga. Ba a rufa mako uku ba ruwan lagireto ya gauraye da baƙin mai, motar ta sake kwanciya, wannan karon a kan hanya da lodi a bayanta.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. An taɓa canza wa motar inji tun kafin ta zo hannun kawu, kuma babu wanda ya rubuta haka a ko'ina. Takarda na faɗin wani inji, cikin motar na ɗauke da wani. Bambancin da ke tsakaninsu milimita huɗu ne a faɗin silinda.

Na ga mutane da yawa irina suna ba da irin wannan labari, kuma kusan dukkansu a wuri guda suke ajiye laifin: kanikawanmu jahilai ne, 'yan sifiya macuta ne. Ban yarda ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Babban kason laifin yana wuyanmu, mu da muka yi karatu, muka iya karanta lamba da ajiye takarda, amma muka ɗauki sanin injin motar da iyalinmu ke ci da ita a matsayin aikin masu baƙin tufafi.

Suna ɗaya, injina da yawa

Peugeot ta fito da 504 a Faransa a 1968. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan Turai ta daina ƙera ta. An haɗa ta a Kenya, an haɗa ta a Ajantina. Motar da ta yi kusan shekara arba'in ana ƙera ta a nahiyoyi daban-daban, ba zai yiwu a ce cikinta iri ɗaya ba ne.

A ɓangaren masu shan fetur, injina uku ne ya kamata mai tsohuwar Fijo ya san sunayensu. Na farko shi ne mai cc 1618, dangin XC, wanda aka san 404 da shi, aka kuma sa shi a wasu a-kori-kura na 504. Faɗin silindarsa milimita 84 ne, nisan da fistin ke tafiya daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 73. Na biyu shi ne XM7 mai cc 1796: faɗin silinda 84, tafiyar fistin 81. Na uku shi ne XN1 mai cc 1971, wanda ake kira mai lita biyu: faɗin silinda 88, tafiyar fistin 81.

Mai karatu ya dubi waɗannan lambobi da kyau, domin tarkon yana cikinsu. Na farko da na biyu faɗinsu ɗaya, amma tafiyar fistin ta bambanta da milimita takwas, saboda haka kiranshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne. Na biyu da na uku tafiyarsu ɗaya, amma faɗi ya bambanta da milimita huɗu, saboda haka fistin da ringi da silib da gasket kowa da nasa. Daga waje kuwa, idan ka ɗaga murfin gaba, 'yan gida ɗaya za ka gani: silinda huɗu a jere, inji a kishingiɗe ta gefe guda, ga kafireto ga fanka. Bayan shekara talatin na ƙura da baƙin mai, ko uwar da ta haife su sai ta duba da kyau.

Lamarin bai tsaya nan ba. An sa XN1 a cikin 505, wadda ta fito a 1979. J5 ɗin da ke kwasar albasa da tumatir daga Arewa zuwa Kudu ma, masu shan fetur daga cikinsu 'yan wannan dangi ne, sai dai an kwantar da injin a gicciye domin ya ja tayoyin gaba, don haka mazaunansa da wasu kayan da ke kewaye da shi sun sha bamban da na 504. Ga kuma masu shan gas, irin su XD2 mai cc 2304, waɗanda ba su haɗa komai da masu fetur ba sai tambarin zaki.

Kada mai Toyota ya ce wannan ciwon masu Fijo ne. Injinan gas na tsofaffin Hilux da Hiace, wato 2L da 3L da 5L, su ma kamar tagwaye suke daga waje, alhali faɗin silindarsu milimita 92 ne, da 96, da 99.5.

Abin da milimita huɗu ke yi

Waɗannan injinan Fijo suna da wata siffa da ta sa suka daɗe a ƙasarmu. Silindarsu ba a jikin buloki aka huda ta ba. Bututu ne na ƙarfe, wanda kanikawa ke kira silib, da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye. Idan ya cinye, a zare shi a sa sabo tare da fistinsa da ringinsa, inji ya dawo kamar jiya aka yi shi. Ba sai an kai buloki wurin masu injin huda a birni ba. Wannan ne sirrin da ya sa bakaniken ƙauye ke iya farfaɗo da Fijo a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Amma sauƙin yana da sharaɗi. Dole bakin silib ya ɗan ɗara saman buloki da wani ɗan tsayi da bai kai milimita ɗaya ba, domin idan aka ɗaure kan inji, zoben ƙarfen da ke jikin gasket ya danne shi daidai. Wannan dannewar ce kaɗai ke raba abubuwa uku da ba sa ga-maciji: wutar da ke ci a cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya ta, da man da ke zagaya inji. Gasket ɗin da aka yanka don faɗin 88, idan aka ɗora shi a kan silib mai faɗin 84, zobensa ba zai hau inda ya kamata ba. Inji zai tashi, zai yi tafiya, kowa ya ce an gama. A hankali wuta za ta sami hanya, ruwa ya bi ta. Kan injin kuma na alminiyam ne a kan buloki na baƙin ƙarfe, kuma alminiyam ba ya jure zafi: ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya, sai ya lanƙwashe. A zafin Afrilu na gabashin Sakkwato, inda ma'auni ke haura digiri 40, mota mai lodi ba ta da rarar da za ta yafe irin wannan kuskure.

Shi ya sa kalmar da ta fi kowace tsada a garejinmu ita ce "ya shiga". Shiga daban, dacewa daban. Kayan da ya ƙi shiga ya yi maka alheri, domin ya tona asirin kansa tun a gareji. Wanda ya shiga bai dace ba shi ne ke jiran ka a tsakiyar daji.

A wurinmu ba wasa ba ne

A Turai, gyaran tsohuwar 504 sha'awa ce ta masu hali. Mutum zai ajiye ta a gareji, ya yi wata shida yana neman kafireton da ya dace da shekararta, ya fito da ita ranar Lahadi a yaba. Kamfanin ma yana da gidan tarihi a garin Sochaux, kuma ana adana bayanan tsofaffin motocinsa. Mai sha'awar can ba zai sayi ko wasa ba sai ya karanta lambar injinsa.

Abin takaici, wanda motar ba ta ciyar da shi shi ne mai bin diddigi, wanda kuwa tuwonsa ke cikinta shi ne mai cewa duk ɗaya ne. A Shinaka da ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Goronyo, da fadamun Wurno da na Rabah, tsohuwar a-kori-kura ita ce ke kai taki gona, ta kwaso albasa da tafarnuwa da shinkafa zuwa kasuwa. Ita ce motar asibiti idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare. Kwana goma da za ta yi a kwance lokacin girbi na iya cinye ribar noman rani gaba ɗaya, domin tumatir ba ya jira, kuma mai hayar mota ya san ka matsu. Sannan duk wanda ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato ke ciki a shekarun nan ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta mutu a hanya bayan la'asar. Maganar ta wuce ta kuɗi.

Uzurori uku

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini.

Za a ce tsohon bakanike ya san inji da ido, ba ya buƙatar lamba. Akwai gaskiya a nan, kuma ina girmama ta. Na ga dattijon da ke gane ciwon inji daga ƙararsa tun motar ba ta tsaya ba. Amma a yi la'akari da yadda ake sayen kaya a yau. Bakanike yana Shinaka, mai kuɗin yana Abuja, mai shago yana Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Idon dattijo ba ya bin waya. Abin da ke bin waya shi ne kalma, kuma kalmar da ake aikawa ita ce "ringin Fijo". Ban da haka, dattawan da suka koyi aiki a zamanin da 504 ke fitowa sabuwa daga Kakuri suna ta ƙarewa, yaran da suka gaje su kuma sun taso ne a kan Golf da Toyota. Ilimin da ke cikin kai kawai, ranar da aka binne kan an binne shi.

Za a ce matsalar jabun kaya ce. Jabu na nan, babu musu, kuma ya cancanci nasa rubutun. Amma kayan da na saya wa kawu ba jabu ba ne. Mai kyau ne, na wani inji ne kawai. Kuma wanda bai san abin da yake nema ba shi ne abincin mai jabu, domin ba shi da ma'aunin da zai ƙi abin da aka miƙo masa. Mai shago da ya ji ka ce "XM7, faɗi 84" ya san da wa yake magana.

Za a ce, to, a yar da waɗannan gwangwanaye mana a sayi sababbi. Wannan maganar wanda bai taɓa sayen mota da kuɗin albasa ba ce. Da darajar naira ta yau, manomi nawa ne a Goronyo zai iya sayen a-kori-kura ko da 'yar Kwatano ce? Kuma ko ya saya, injin da kwamfuta ke sarrafa shi wa zai gyara masa a ƙauye? Tsohuwar Fijo za ta ci gaba da aiki a wannan yanki ko muna so ko ba ma so. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ta yi aikin cikin aminci ko cikin kasada.

Inda muka gaza

Likitan da ke karanta wannan ba zai ƙara wa majiyyaci jini ba sai ya san rukuninsa, ko da majiyyacin ya rantse cewa jini duk ja ne. Lauya ba zai shiga cinikin fili ba sai ya bi takardu ya ga hannun da ya fito. Akawu ba zai biya kuɗi babu rasit ba. Amma mu ɗin nan, idan aka kira mu daga gida aka ce mota ta lalace, sai mu tura kuɗi mu kashe waya, in abin ya ɓaci mu ce mutanen ƙauye ba sa jin magana.

Kuma ba za mu ce al'adarmu ba ta san bin asali ba. Makiyayi a bakin Rima zai gaya maka wannan saniya Bokolo ce, waccan Rahaji, ya lissafa maka uwarta da kakarta. Malaman ƙasar nan, tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, ba sa karɓar karatu sai sun san daga wa aka ɗauko shi, shi kuma daga wa. Mutanen da suka gaji wannan tsantseni ba su da hujjar cewa lambar inji ta fi ƙarfinsu. Raini ne kawai: mun ɗauka duk abin da ya taɓa baƙin mai bai cancanci alƙalami ba.

Dubi takardun motar ma. Akwai gurbin lambar shasi, akwai na lambar inji. Lambar shasi, wadda a motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 1980 ta kan kasance haruffa da lambobi 17, tana gaya maka yadda mota ta fito daga masana'anta. Ba ta san abin da ya faru da ita a Kwatano ko a Kano ba. Motar da ta yi shekara talatin a hanyoyinmu, da wuya a ce injinta na asali ne ke ciki. An sa mata ɗan Beljiyam, ko an haɗa bulokin wannan da kan wancan. Kowace shekara kuma sai a sabunta takarda a kwafe tsohuwar lamba, babu mai ɗaga murfi ya duba.

Abin da za a yi

Maganin ba ya buƙatar kwamiti. Idan ka je gida hutun salla, ka ware awa ɗaya. A wanke jikin buloki da kananzir da burushi, a nemo inda aka buga lamba ko aka maƙala ɗan farantin da ke ɗauke da ita. Ka ɗauki hotonta da waya, ka ɗauki na farantin masana'anta da ke ƙarƙashin murfin gaba, ka gwada su da abin da ke takarda. In sun saɓa, injin ne mai gaskiya.

Idan lambar ta goge, ma'auni ba ya gogewa. Ranar da aka buɗe inji, a auna faɗin silib da ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu. Milimita huɗu ba ta ɓuya: ko 84 ne ko 88. In 84 ne, a juya inji a auna tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama, ko 73 ko 81. Awo biyu sun raba gardamar injina uku. Irin wannan ma'auni bai kai kuɗin gasket ɗaya da kuɗin motar kawo shi ba. Ka saya wa bakaniken garinku kyauta, za ka ga yadda zai riƙe shi.

Kada a sayi kayan cikin inji kafin a buɗe shi. Mun saba da aika kuɗi tun kafin a kwance noti ɗaya, wai don a rage lokaci, kuma wannan gaggawar ce ta ci mu. A buɗe, a auna, in da hali a aika tsohon kayan tare da ɗan aike a gwada shi da sabo a gaban mai shago.

Sannan a sayi ƙaramin littafi a ajiye shi a cikin motar. A rubuta irin injin, da faɗinsa, da ranar da aka canza kowane babban abu, da boko ko da ajami, duk wanda direba ya iya karantawa. Ranar da za a sayar da motar, littafin ya bi ta.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Injiniyoyinmu da malaman kwalejojin fasaha, irin Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA, za su iya tsara shafi ɗaya tak da Hausa: injinan da suka fi yawa a yankin, yadda ake gane kowanne, da awonsa. A buga a manna a gareji, a tura ta WhatsApp. Bayanan suna cikin littattafan gyara na Faransanci da Ingilishi shekara da shekaru. Abin da aka rasa shi ne ɗan boko da zai ga aikin bai yi masa ƙanƙanta ba.

Motar kawu ta tashi a ƙarshe, bayan an kai kan injin Sakkwato an goge shi, an sa gasket ɗin da ya dace. Albasar waccan shekara an sayar da ita a gona a farashin da mai saye ya ga dama. Da na je gida, na sa aka wanke bulokin, na rubuta abin da muka gani a bangon littafi, na miƙa wa direba. Kawu yana kallona daga kan tabarma, ya ce: "Ashe karatun naku yana da rana." Ban ba shi amsa ba, domin na san da na yi wannan tambayar da kyau tun ranar da ya fara kirana, da albasarsa ta kai kasuwa.

Idan akwai tsohuwar mota a gidanku, ka kira a yau ka tambayi wane inji ne a cikinta. In aka ce maka "Fijo ce", ka sake tambaya.